Ruwan Da Ya Fita Daga Taswira

Tun da na dawo daga Indiya ban huta ba. A masallaci a tambaye ni, a layin mai a tambaye ni, har mai shayin bakin sakatariya sai da ya riƙe min kofi ya ce sai na faɗa masa ko da gaske ne in an yi ruwan sama mutanen can fitowa suke yi su kama waƙa suna zagaya bishiya. 'Yan majalisarmu ta bayan la'asar kuwa, kun fi kowa naci, kun kuma fi kowa katse mutum. Duk ranar da na ɗauko labarin, kafin in kai filin jirgi wani ya sako maganar ƙwallo. To ga shi na rubuta. Wanda ya ga dama ya karanta, in ma ya katse ni ba zan sani ba.

Ga wanda bai san ni ba, malamin lissafi ne ni, ɗan Kafin Lamu ta ƙasar Ringim. Da aka yanke mana jiha aka kwaso mu daga Kano aka zube a Dutse, sai aka aro ni daga aji aka kai ni wani ofishi mai kula da ruwa, don an ji ina karatun digirin ƙarshe a kan yadda ake lissafa gudun ambaliya da kwamfuta. Aikin a baki ba wuya. Ka ɗauki taswirar kwari ka yanka ta gida-gida kamar gurbin dara, ka rubuta tudun kowane gida da gangarensa, sannan ka saki ruwa daga kogi, kwamfuta ta riƙa lissafa nawa ya bar wannan gida ya shiga na kusa da shi, taki bayan taki, har damina ta ƙare. A baki ke nan. Kwamfutar ofishinmu guda ɗaya ce tal, an lulluɓe ta da atamfa, makullin ɗakin yana aljihun darakta, daraktan kuma yana Kano. In an samu makulli babu wuta. In an kawo wuta sai ta yi kwana da kwanaki tana nishi a kan damina ɗaya, ana gab da gamawa a ɗauke.

Sai na rage mata kaya. Na yanke taswirar daidai iyakar ƙasar garinmu, duk ruwan da ya kai bakin takarda na ce ya fita, a sauka lafiya. A haka ta ba ni amsa: in aka yi jinga, wato doguwar katangar ƙasa, daga tsohuwar marina zuwa gindin kukoki, ruwan da ke cinye rabin Kafin Lamu duk bayan 'yan shekaru ba zai ƙara shiga gari ba. Na kai wa Baffa Dagaci, yayan mahaifina, wanda ke riƙe da garin. Na ce, "Baffa, wannan fa na gwaji ne, ba a kammala ba." Ya ce, "Madalla." Kafin in koma Dutse an yi shela cewa na'ura ta yi magana. Kalmar gwaji a zaure ta tsaya, ba ta fito ba.

Malamina na jami'a kuwa ya ce shi ba zai karɓi rabin kwari ba. Ina da tsofaffin taswirorin safiyo na kwarin gaba ɗaya, na kwashe awonsu na zuba a faifan kwamfuta, na'urar da za ta ɗauke su ce babu. Shi ya rubuta wa wata cibiya a Indiya mai irin kwamfutar nan da ake haɗa ƙwaƙwalwa da yawa su taru a kan aiki ɗaya, suka ce in zo. A wurina tafiyar neman digiri ce. A wurin mutanen garinmu tafiyar karɓo hatimi ce, in je babbar na'ura ta sa hannu a kan abin da ƙaramar ta faɗa, a yi jinga kafin ruwa ya sauka. Sunana ne a kan jingar nan, gidajen mutane kuma a bayanta.

Na fara zuwa sallama Kwarin Baushe, ƙauyen da ke bayan jigawar yashi gabas da mu, wurin Gwaggo. Ƙanwar mahaifina ce. Wurinta aka kai ni yaye, ban dawo gida ba sai da na isa shiga firamare. Har yau ba ta kama sunana, don sunan mahaifinta aka sa min, sai dai ta ce Babana. Na ce mata zan tafi Indiya lissafin ruwa.

Ta ce, "Babana, duk ruwan da ke bayan garinku bai ishe ka lissafi ba sai ka haye teku?"

Na ce, "Na'urar can ta fi girma, Gwaggo."

Ta ce, "To Allah ya sa ta fi hankali."

Ta aika Ringim aka yo min kilishi, ta haɗa da yaji da kuka da daddawa, ta ce ta ji labari mutanen can ganye kawai suke ci, kada in dawo mata a rame.

Daga Dutse zuwa Kano a fijo muka tafi, lokacin wahalar mai, direba yana tsayawa gun 'yan bumburutu yana sayen galan-galan yana tsinuwa. A wani shinge soja ya buɗe jakata ya ci karo da akwatin faya-fayan. Ya ce wace waƙa ce a ciki. Na ce ba waƙa ba ce, ruwa ne. Ya kai akwatin kunne ya girgiza, ya dube ni, ya ce wa direba ya riƙa lura da irin mutanen da yake ɗauka. A Legas na sha layin biza har na saba da mai sayar da rake a bakin ƙofa. Ranar tashi kuma wani mai ilimin bakin titi ya tsorata ni cewa na'urar binciken kaya tana goge faifai tas, sai na jera su a cikin hulata na kifa a kai. Ina bi ta ƙofar binciken jiki ta ɗau ƙara. Aka ce in cire hula. Na cire, aikin shekaru ya zubo a ƙasa a gaban jama'a, ina tsugune ina tsinta, wata mata tana taya ni tana tambaya ko magani ne.

A jirgi na zauna kusa da wani Alhaji ɗan Kano mai sarin yadi, wanda ya san hanyar kamar hanyar gidansa. Shi ya faɗa min in Ba'indiye ya kaɗa kai gefe da gefe to ya yarda ne, kada in tsaya roƙo. Ya ce me zan saro. Na ce lissafi. Ya ce, "Malam, ka dai riƙo ko turare ne, kada ka koma hannu biyu." Bai ƙara yi min maganar kasuwa ba, sai dai duk abincin da aka kawo ya turo min rabin nasa.

A Bombay aka duba katin allurar shawara aka juya shi gaba da baya, sannan kwastan ya kwance ƙullin Gwaggo. Daddawa ta yi sallama. Mutumin ya ja da baya, ya kira na biyu, na biyu ya kira babbansu. Na yi iya Turancina in bayyana cewa kayan miya ne, babban ya toshe hanci da hankici ya kaɗa kai gefe da gefe. Na tuna da maganar Alhaji na fara godiya, ashe wannan kaɗawar ta ƙwace ce. Kilishin kuwa, wanda shi ne abin tsoro, ya ɗaga shi ya lanƙwasa, ya ɗauka fatar ɗinkin takalmi ce, ya mayar min.

Daga nan jirgin ƙasa, wuni guda muna hawan duwatsu. Ku da kuke kukan cunkoson motar Ringim ranar kasuwa, ku gode wa Allah. Sai dai mutanen kirki ne. Iyalin da na zauna a cikinsu suka buɗe kwanoninsu suka tura min, kafin mu wuce tasha uku sun san albashina, da yawan 'ya'yana, da dalilin da ya sa ban fi haka ƙiba ba. Na ji kamar ina gida. Abin da ban saba da shi ba shanu ne. Saniya a tsakiyar titi a kwance, babu makiyayi, babu sanda, motoci suna ratsewa suna ba ta hanya, tana tauna kwali. A wurinmu saniya ta sa baki a gonar wani sai an kai gaban alƙali. A can ita ce alƙalin.

Masaukin cibiyar wani dattijo Musulmi ne ke kula da shi, Malam Yusuf, mai jan gemu na lalle. Shi ya nuna min gabas, shi ya kai ni masallacin Juma'a a bayan kekensa. Abincin kantin kuwa Gwaggo ba ta yi ƙarya ba. Shinkafa, gurasa, da wasu 'yan ƙananan wake da ake damawa kamar kunu, yau rawaya gobe ja, ga barkono da zai sa Bakano neman ruwa. Nama ko a mafarki.

Wadda aka haɗa ni da ita Dakta Shanta ce, 'yar siririyar mata mai furfura a goshi, ta ƙware a kan raba lissafi tsakanin ƙwaƙwalwan na'ura. Ranar farko na ce ba a zuwa wa mai masauki hannu biyu, na zaro kilishi na ajiye mata a tebur a gaban ɗalibanta. Ta ce mene ne. Na ce naman saniya ne, na musamman, daga garinmu. Ta yi min godiya da ladabi ƙwarai, ta ɗauki rula ta tura shi a hankali zuwa gefena na teburin. A ranar Malam Yusuf ya gaji kilishin Gwaggo, kuma tun daga nan ruwan wankana bai ƙara yin sanyi ba.

Ɗakin na'urar sai an cire takalmi ake shiga. Wasu dogayen akwatuna ne a jere cikin sanyi, suna gurnani, wuta ba ta ƙiftawa. Wata safiya na tarar an rataya musu furanni an ɗiga musu jan kwalli, wai ranar girmama kayan aiki ce. Na yi istigfari a zuci. Sai kuma na tuna tamu ta Dutse da atamfarta, da yadda ake rage murya in an zo wucewa ta ƙofarta, na kama bakina.

Dakta Shanta ta ba ni ƙwaƙwalwa talatin da biyu. Yadda abin yake, gayya ce. Ka raba gona, kowa ya kama nasa yanki, a yi noma lokaci guda. Bambancin kawai shi ne ruwa ba ya zama a yankin da aka ba shi, don haka bayan kowane taki dole kowa ya san abin da ya tsallako masa daga maƙwabci. Na zauna na tsara aikin yadda na san ana aiki. Kowace ƙwaƙwalwa in ta gama takinta sai ta kai rahoto wurin ta ɗaya, ta ɗaya ta duba, ta tattara, ta raba wa kowa umarni, sannan a ci gaba. Muka kunna. Wallahi ta Dutse ta fi ta sauri.

Dakta Shanta ta duba tsarin, ta cire tabarau tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Mista Garba, wane ne wannan na ɗayan da kowa ke jira?"

Na ce, "Shi ne darakta."

Ta ce, "Talatin da ɗaya suna layi a ƙofarsa, shi kuma ba ya noma ko kunya ɗaya. Kore shi. Kowa ya yi magana da maƙwabcinsa na iyaka kawai."

Na kori darakta, abin da ban taɓa zaton zan yi ba a rayuwata. Gudu ya ƙaru, amma ba yadda ake so ba. Ta sake dubawa ta ce na raba ƙasar daidai wa daida, alhali ba daidai aikin yake ba. Waɗanda rabonsu ya faɗa kan tudu ba su da ruwan da za su lissafa, sun gama sun naɗe hannu, 'yan ƙalilan da kogi ya bi ta nasu suna ta fama, kuma ba mai matsawa gaba sai na ƙarshe ya gama. Na ce mata wannan ba sai ta yi min bayani ba, a irin wannan ofis nake aiki a gida. Muka sake rabo, mai kogi ya samu ɗan tsito, mai tudu ya samu fegi guda. Makonni muka yi a kan wannan, ina gyara tana rushewa, kuma ban taɓa jin daɗin aiki irin na lokacin ba. Ranar da ya daidaita, damina guda ta kwarin gaba ɗaya ta ƙare kafin shayin da aka kawo min ya huce. Na tuna kwanakin da na yi ina gadin ta Dutse ina addu'ar kada a ɗauke wuta, na ji kamar in yi kuka.

Da hantsi ne muka saka jingar a taswira muka saki ruwan babbar damina. A allon, ruwa shuɗi ne. Ya taso daga kogi, ya cika fadama, ya zo ya daki jinga ya tsaya. Kafin Lamu fari fes, ko ɗigo. Na miƙe tsaye ina cewa alhamdulillahi da ƙarfi, ɗalibai suna tafi.

Dakta Shanta ba ta tafa ba. Ta sa bakin biro a gefen gabas, wurin da a da takardata ta ƙare. Ruwan da jinga ta hana shiga gari ya taru ya ƙara tudu kaɗan, bai fi kamu ɗaya ba. A jikin jigawar yashi kuwa akwai wani siririn wuri mai gangare. Na san shi, na bi shi da ƙafa ba adadi. Burtali ne, hanyar shanu, wadda kofato ya cinye tun zamanin kakanni har ta zama kwazazzabo. Shuɗin ya sa kai a ciki kamar zare, ya ratsa jigawar, ya fito ta baya ya baje.

Ta ce, "Nan akwai mutane?"

Na ce, "Akwai."

Na ce kuskure ne. Wurin ya yi kusa da iyakar ƙwaƙwalwa biyu, na ce wataƙila a wajen miƙa wa juna ne suka ƙirƙiro ruwan da babu. Ta ce zato ne mai kyau, a gwada. Muka sake yanka ƙasar ta wata fuska, amsa ɗaya. Muka ƙanƙanta gidajen dara, amsa ɗaya. Muka tara ruwan da ya shiga da wanda ya fita, ko cokali bai ɓata ba. Muka cire jingar, sai rabin Kafin Lamu ya nutse yadda ya saba, Kwarin Baushe ya zauna a bushe. Muka mayar, ruwa ya koma burtali.

Ta ce, "A lissafinka na farko, ina wannan ruwan yake zuwa?"

Na ce, "Waje."

Ta ce, "Waje ina?"

Ina kallon gidan dara guda ɗaya a allon, na uku daga gindin tsamiyar Kwarin Baushe, daidai gidan Gwaggo, yana ƙara duhu. Ta dafa tebur ta ce sakamako ne mai kyau ƙwarai, irin wanda ake bugawa a mujalla. Da ta ga fuskata sai ta aika aka kawo min ruwan sha.

A Indiya kowane lungu akwai shagon waya. Na shiga na buga ofishinmu na Dutse, na ji tana ƙara, na san kuma inda take ƙarar: a ɗakin darakta, a kulle. Na buga har mai shagon ya fara tausaya min. Daga ƙarshe na tattara takarduna, na sayi turaren da Alhaji ya ce, Malam Yusuf ya raka ni tasha ya rungume ni yana tambayar ko akwai mai zuwa daga garinmu nan kusa.

Ban tsaya a Dutse ba, na wuce gida. Tun daga kan hanya na jiyo ganga. Ashe ba a jira hatimin ba. Baffa ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya kira gayya. Jinga ta kai ƙugu, daga marina har kusa da kukoki, mutane kamar tururuwa, masu haƙa, masu ɗauka da kwando, masu daɓe. Na duba na ga fuskokin da ba na garinmu ba. Mutanen Kwarin Baushe ne, kusan duk mazansu, sun zo taya maƙwabta, don haka aka saba. Ga ƙoren fura a jere a inuwa, aka ce min Gwaggo ce ta aiko, ta ce aikin Babanta ne. Maroƙi ya hango ni ya saki kirari, wai ga wanda ya sa ruwa ya durƙusa. Aka ɗaga ni sama da jakata.

Ba a faɗa wa babba irin wannan magana a tsaye, ba a kuma faɗa a gaban jama'a. Sai da aka yi gaisuwa, aka tambayi hanya, na miƙa turare, aka sa albarka, aka ci abinci, aka yi la'asar, zaure ya ragu. Sannan na matsa na shimfiɗa takardun. Baffa ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba.

Ya ce, "Abba, a cikin na'urorin nan biyu wacce ta yi ƙarya?"

Na ce, "Babu, Baffa."

"Ta farkon ta ce garinmu zai tsira?"

"Ta ce."

"Ta biyun ta ce ba zai tsira ba?"

"Ita ma ta ce zai tsira."

Ya ce, "To ai bakinsu ɗaya."

Na ce, "Baffa, Kwarin Baushe fa. Gwaggo fa."

Ba mugu ba ne, kada wani ya karanta wannan ya ce na ce haka. Ya lissafo min gidajen da ruwan baya ya ci, da rumbunan da suka narke, da jikarsa da aka binne bayan zazzaɓin da ya biyo baya. Ya ce shi a kan Kafin Lamu aka naɗa masa rawani, Kwarin Baushe suna da nasu dagacin. Ya ce in fita in ce wa mutanen nan su rushe abin da suka gina da hannunsu saboda wani zare shuɗi, in ina iyawa. Sannan ya ce, "Ƙanwata ce kafin ta zama gwaggonka. Je ka a toshe burtalin."

Na je. Arɗon Fulanin da ke bin burtalin ya karɓe ni da mutunci, ya ce in aka toshe burtali ana gab da shuka, ta ina dubban shanu za su bi in ba ta gonakin mutane ba, kuma wa zai tsaya a tsakani in an zaro sanduna. Gaskiya ya faɗa. A Dutse aka ce Kwarin Baushe wata ƙaramar hukuma ce, a rubuto. Na rubuta. Darakta ya zo ranar Talata ya yi min barka da dawowa, ya yaba ƙamshin turaren, ya ce za a duba. A Kwarin Baushe na tara dattawa a gindin tsamiya. Wasu sun ji, sun kwashe hatsinsu zuwa kan jigawa. Wasu suka ce tun da aka kafa garin ruwa bai taɓa tsallako yashin nan ba, kuma ba ni ne na ce a yi jingar ba?

Gwaggo ta saurare ni tana tsince wake. Na roƙe ta ta dawo Dutse wurina ko da na damina ɗaya. Ta ce Dutse da ba a samun ko gidan haya, in ajiye ta a ina, a ofis? Na ce to ta koma Kafin Lamu. Ta ce ba za ta bar ɗakinta ta je ta zauna a bayan katangar da ta tura wa maƙwabtanta ruwa ba, in ma da gaske ne. Da ƙyar ta yarda aka kai awakinta da rabin geronta kan tudu. Na bar gidan raina a ɓace, ina jin haushinta, ina jin haushin kaina, ina jin haushin na'urar da ta iya lissafi haka.

A tsakiyar damina ruwan ya zo, da rana tsaka, ana gani. Jinga ta riƙe. Kafin Lamu ko tabarma ba ta jiƙe ba, aka yi sadaka aka yi min addu'a a masallaci. Ta burtali ya bi. Ba a rasa rai ba, alhamdulillahi, don ya ba mutane lokacin fita. Gwaggo a kafaɗa aka fito da ita tana faɗa. Ɗakinta ya zauna, bango ɗaya ya rage a tsaye.

Malamina ya yi min jaje sosai, sannan ya gyara murya ya ce in hanzarta in je in auno shaidar ruwan a jikin bangaye kafin ta goge, don babin ƙarshe ba zai tsaya ba sai an gwada lissafi da abin da ya faru a ƙasa. Haka ƙa'idar take, ni ma na sani.

Na je da tef ɗin awo bayan ruwa ya janye. Gari duk laka da warin hatsin da ya ruɓe. Na bi gida-gida ina awo, mutane suna nuna min bangayensu, ba wanda ya ce min komai, kuma da sun zage ni da ya fi min sauƙi. Gidan Gwaggo na bari a ƙarshe. Na tarar da ita ta sauko daga tudu tana tono kwanoninta daga cikin laka. Layin ruwan yana nan a jikin bangon da ya rage, baƙi, miƙaƙƙe. Na tsaya da tef a hannu na kasa aunawa.

Ta ce, "Kawo nan." Ta karɓi bakin tef ɗin ta durƙusa ta danne shi a ƙasa da babban yatsa. Na ja zuwa layin. Na duba awon, na duba takardar da na zo da ita daga Indiya.

Ta ce, "Ya yi daidai?"

Na ce, "Ya yi, Gwaggo."

Ta saki tef ɗin, ta goge yatsanta a zane. Ta ce, "To alhamdulillahi, Babana. Da ka sha wannan doguwar tafiya a banza."